Babi na Huɗu: Tafadek, Ruwan Zafi a Ƙasar Ƙishirwa

Wanda ya bar Agadas ya fuskanci arewa, da zarar ya sauka daga kwalta ya kama hanyar ƙasa da ke bin gindin duwatsun Abzin, abin da zai cika masa ido shi ne baƙin dutse, da farin yashi kwance cikin kwari, da itatuwan ƙaya jefi-jefi waɗanda awaki suka cinye iyakar inda bakinsu ke kaiwa. Ƙasa ce da ruwan saman shekara guda ba ya cika wuce milimita 150, abin da Kano kan samu cikin 'yan makonni a tsakiyar damina. A nan ne, cikin gundumar Cirozerin, tafiyar da ba ta kai kilomita 100 daga Agadas ba, akwai ƙauyen Tafadek, inda ruwa ke ɓuɓɓugowa daga ƙarƙashin ƙasa da zafinsa, rani da damina, ba wanda ya hura masa wuta. Da asubar hunturu, lokacin da iskar sahara ke tsattsaga leɓe, ana ganin tururi na tashi daga gare shi. Masu zuwa wurin yawancinsu ba 'yan yawon buɗe ido ba ne. Dattijo ne da gwiwa ta hana shi ruku'u, da tsohuwar da sanyin ƙashi ya lanƙwashe wa yatsu, da mai ƙaiƙayin da ya sha magani har ya gaji. Sukan zo da tabarma da buta da gero da ganyen shayi, su yi kwanaki, suna shiga ruwan safe da yamma.

Abin da wannan babi ke son kafawa shi ne, irin wannan marmaro rijiyar mutane ce, kuma asibitin talaka ne, tun kafin ya zama wurin kallo. Duk wanda ya je, ko mai neman lafiya ne, ko ɗan birni mai kyamara, ko ɗan kasuwa mai shirin gina masauki, baƙo ne a bakin ruwan da ba shi da yawa kuma ba ya saurin dawowa in ya tafi. Wanda ya gane wannan, ziyararsa za ta amfane shi ta kuma bar wurin yadda ta same shi. Wanda bai gane ba, ko da niyyarsa alheri ce, yana iya zama sanadin ƙafewar abin da ya zo yabawa. Ana samun masu musun wannan magana ta fuskoki da dama, kuma wasu hujjojinsu suna da ƙarfi, don haka ya kamata a fara daga tushe, wato daga inda ruwan da zafinsa suke fitowa.

Duk inda aka haƙa ƙasa aka yi zurfi, zafi ƙaruwa yake yi. A mafi yawan wurare, kowace kilomita guda ta zurfi tana ƙara digiri 25 zuwa 30, shi ya sa masu aiki a ramukan ma'adinai masu nisa suke jiƙewa da gumi ko da ana sanyi a waje. Ruwan da ya kurɗa ta tsagogin dutse ya gangara kilomita ɗaya ko biyu, ya daɗe a can, dole ya ɗauki zafin dutsen da ke kewaye da shi, ya kuma narkar da wani abu na gishirin jikinsa. In ya yi dace da wata babbar tsaga da za ta ba shi hanyar hawowa da sauri kafin ya huce, sai ya fito sarari da zafinsa. Ke nan abubuwa uku ne suke haɗuwa: ruwan da zai shiga, zurfin da zai gasa shi, da ƙofar da zai fita. Abzin tana da zurfin da tsagogin, domin tsohon dutse ne da ya sha murɗewa da fashewa, har da aman wuta a wasu sassansa a zamanin da. Wani abin sha'awa ga mai karatu na Najeriya shi ne, masana duwatsu sun nuna cewa curarrun duwatsun Abzin dangi ne ga na Damagaram da na tsaunukan Jos, layi ɗaya ne ya miƙo daga arewa zuwa kudu, na Abzin su ne manya a shekaru, na Jos su ne ƙanne. A can gabas kuma, cikin duwatsun Tibesti na ƙasar Cadi, akwai Soborom, inda Tubawa ke zuwa neman lafiya a ruwan zafi kamar yadda ake zuwa Tafadek.

Abu na farko cikin ukun nan, wato ruwan da zai shiga, shi ne sahara ba ta da shi a yau. Amma ta taɓa samunsa. Tsakanin kimanin shekara 11,000 zuwa 5,000 da suka wuce, wannan yanki ciyawa ce da tafkuna. Shaida tana nan a jikin dutse a Dabus, arewa da Agadas, inda mutanen wancan zamani suka sassaƙa hoton raƙumin dawa mai tsawon fiye da mita 5, da zanen jikinsa ɗaya bayan ɗaya. A Gobero kuwa, cikin hamadar Tenere, an tono ƙasusuwan kifi da kada da dorina a wurin da yau ko tsuntsu ba ya samun abin jiƙa baki. Yawancin ruwan da ke kwance ƙarƙashin sahara ragowar wancan zamani ne da zamanan damshi da suka gabace shi. Abin da ke ƙaruwa a kansa yanzu ɗan kaɗan ne, daga ruwan da kan sauka kan duwatsu cikin Yuli da Agusta, ya cika kwari na 'yan sa'o'i, rana ta shanye mafi yawansa. Saboda haka ruwan da mutum zai tsoma ƙafarsa a ciki yau ya yi doguwar tafiya a duhu, a hankali, kuma mai mayar da gurbinsa ba ya sauri. Kamar rumbun gado ne da ake ɗiba da mudu ana zubawa da cokali.

Masu musu na farko su ne waɗanda ke ganin duk wannan tafiya camfi ce. Sukan ce ruwa ruwa ne, wanda aka dafa a tukunya da wanda ya fito daga dutse duk ɗaya, kuma gara a kashe kuɗin motar a asibiti. Akwai gaskiya a ciki, amma ba ta cika ba. Bahaushe ya daɗe da sanin aikin zafi a jiki, shi ya sa yake gasa targaɗe, yake yin surace in mura ta kama shi. Zafi yana buɗe hanyoyin jini, yana sassauta jijiyar da ta ɗaure, yana rage raɗaɗi. Ruwa mai zurfi kuma yana ɗauke wa gaɓɓai nauyin jiki, ta yadda ƙafar da ba ta lanƙwasuwa a tudu sai ta motsa a cikinsa. Likitocin gashin ƙashi a manyan asibitoci da wannan suke aiki, kuma a Faransa da Jamus da Aljeriya wanka a ruwan zafi na ƙasa sananniyar hanyar jinya ce ga masu amosanin gaɓɓai. Sai a ƙara da abin da tukunyar gida ba ta bayarwa: mutum ya bar gona da kasuwa da hayaniyar gida, ya kwana da wuri, ya shiga ruwa sau biyu a rana har mako guda ko biyu, ya zauna da masu irin ciwonsa. Makiyayan yankin ma suna da irin wannan hikima game da dabbobinsu, domin kowace shekara a ƙarshen damina sukan kora garke zuwa filayen Ingal don su sha ruwan gishiri su murmure. Wanda ya raina tsohuwar da ta dawo daga Tafadek tana cewa ta ji dama, bai san ciwon gaɓa ba.

Sai dai mutunta mai jinya ya haɗa da faɗa masa iyakar abin. Ruwan zafi ba ya warkar da ciwon suga, ko hawan jini, ko ciwon daji, ko ƙanjamau, kuma ba ya ta da ɓarin jikin da ya shanye. Babbar cutar da ake yi wa marar lafiya ita ce a ce masa ya ajiye ƙwayoyinsa tunda ya zo ruwa. Shi kansa zafin yana da haɗari. Jikin ɗan Adam digiri 37 yake, wanka mai daɗewa bai kamata ya wuce digiri 40 ba, ruwa mai digiri 50 yana ƙona fata cikin 'yan mintuna, mai digiri 60 kuwa cikin 'yan daƙiƙu. Mai ciwon suga da ƙafarsa ta daina ji yana iya dahuwa bai sani ba, ciwon ya ƙi warkewa har a kai ga yanke ƙafa. Mai raunin zuciya in ya daɗe a ciki ya miƙe farat ɗaya, jiri na iya kayar da shi. Mai ƙaramin ciki, zafin da ya wuce kima yana iya taɓa halittar ɗan tayi. Ƙasar Hausa ta riga ta ga misalin wannan a gida: a shekarun 1970 likitoci a Zariya sun lura da yawan matan da zuciyarsu ke gazawa bayan haihuwa, suka danganta shi da tsananin zafin wankan jego da kwanciya kan gadon wuta, haɗe da kunun kanwa mai yawa. Al'adar tana da amfaninta, wuce iyaka ne ke kisa. Akwai kuma wata ƙwayar halitta da ke rayuwa a ruwa mai ɗumi a ƙasashe da yawa, wadda in ta shiga ta hanci takan kai ga ƙwaƙwalwa. Kamuwa da ita ba ta da yawa, amma wanda ta kama da wuya ya tashi, don haka ba a nutsa kai a ruwan marmaro, ba a kuma shaƙa shi.

Tsafta ma tana da wahala fiye da yadda ake zato. A ɗauki kwarmi guda na wanka, wanda ruwa ke shiga a hankali ta gefe ɗaya yana fita ta ɗaya gefen. Mai ƙazuwa ya shiga ya fita, mai gyambo ya biyo shi, wani ya zo da sabulu ya cuɗa jikinsa, wata ta wanke zane a bakin magudana, yaro ya tsuguna a bayan dutse taku goma daga idon ruwan. Kafin azahar ruwan da ya fito garau ya yi kauri, kumfa ta taru a lungu, ledar omo ta maƙale a ƙaya. A gari, damina takan zo ta share irin wannan. A sahara gwangwanin madara da aka yar bana yana nan baɗi, kashin mutum ma bushewa yake yi iska ta ɗauke shi ta zuba a ruwa. Kuma ragowar ruwan da ya fita daga wurin wanka bai zama shara ba, domin a can ƙasa akuya da jaki da tsuntsu na jiransa. Musulunci ya yi magana a kan wannan tun da daɗewa: ya hana yin bawali a ruwan da ba ya gudu, ya hana yin bayan gida a mashaya da inuwar da mutane ke hutawa, malaman fiƙihu kuma sun ba kowace rijiya da marmaro harabar da ba a yin abin da zai cutar da ruwan a cikinta. Mai zuwa neman waraka yakan tuna da Annabi Ayyuba, alaihis salam, wanda aka ba shi lafiya ta hanyar ruwan da ya ɓuɓɓugo daga ƙasa. Ya kamata ya tuna da waɗannan hukunce-hukuncen ma.

Musu na biyu ya fi na farko nauyi, kuma daga bakin masu kishin yankin yake fitowa. Sukan ce, ga arziki kwance, me ya sa ba za a shimfiɗa kwalta ba, a gina otal, a haƙa burtsatse a ƙara yawan ruwan, a kawo baƙi, matasa su samu aiki? Wanda ya san tarihin Agadas ba zai yi wa wannan magana dariya ba. A shekarun 1980 garin yana cike da baƙi daga Turai, tseren motocin Paris zuwa Dakar yana ratsawa ta nan, direbobi da 'yan jagora da maƙeran azurfa da masu masauki duk suna ci. Tawayen da Abzinawa suka tayar a 1990 ya tsayar da wannan har zuwa yarjejeniyar zaman lafiya ta Afrilun 1995. Harka ta fara farfaɗowa, sai tawayen 2007 zuwa 2009 ya zo da nakiyoyi a kan hanya, sannan aka sace ma'aikatan kamfanin yuraniyom a Arlit a Satumban 2010, baƙi suka ɗauke ƙafa. Ko da hukumar UNESCO ta saka tsohon garin Agadas, da hasumiyar masallacinsa mai tsawon mita 27, cikin kayan tarihin duniya a 2013, masu zuwa kallo sun riga sun ragu ƙwarai. Direbobi da yawa suka koma jigilar 'yan ci-rani zuwa Libiya, wasu suka bazama haƙar zinariya a Jado daga 2014. Mahaƙar yuraniyom ta COMINAK ma ta rufe a 2021. Mutumin da ya ga duk wannan, in ya dubi marmaro ya ga abin da zai ciyar da 'ya'yansa, ba shi da laifi.

Matsalar ita ce an gwada wannan hanya a wasu wurare, kuma an ga inda ta kai. A Azraƙ, cikin hamadar ƙasar Jodan, akwai maɓuɓɓugan da suka shayar da ayari da tsuntsaye masu ƙaura shekaru dubbai. Aka kafa injuna ana tura ruwan zuwa birnin Amman da gonaki, zuwa 1992 maɓuɓɓugan suka daina fitowa, yau da famfo ake zuba ruwa don a raya ɗan abin da ya rage na fadamar. A zangon Kharga na Masar, rijiyoyi masu zurfi da gwamnati ta haƙa tun daga wajen 1960 sun saukar da ruwan ƙasa har tsofaffin idanun ruwa da yawa suka mutu. A Pamukkale ta Turkiyya kuwa, otal-otal aka gina a kan marmaron zafin, suka janye ruwan zuwa wuraren ninƙayarsu, fararen duwatsun da baƙi ke zuwa gani suka fara dafewa, har sai da aka rushe otal-otal ɗin bayan an saka wurin cikin kayan tarihin duniya a 1988. Dalilin ɗaya ne ko'ina. Marmaro yana fitowa ne saboda matsin da ke tura ruwa sama, burtsatse a kusa da shi kuwa wata ƙofa ce da ke sace matsin. Ruwan zai yi yawa shekara biyar ko goma, kowa ya yi murna, daga nan idon asali ya fara ja da baya. Ga kuma otal da kansa, mai buƙatar ruwan ban-ɗaki da wanki da shayar da furanni, wanda baƙo guda a cikinsa zai kashe abin da zai ishi gidan makiyayi kwanaki. Wannan shi ne gyaran gangar Abzinawa da ake faɗa, a zo gyara a fasa. In kuma aka kewaye wurin da katanga aka sa kuɗin shiga, wanda za a fara kora shi ne dattijon nan mai tabarma da buta.

Wannan ba kira ba ne a bar wurin cikin rashi. Akwai aiki, kuma akwai abin da za a ci, in an fara daga buƙatar masu jinya. A riƙa auna ruwan lokaci-lokaci, zafinsa da yawansa da abin da ke cikinsa, a rubuta a ajiye, domin ba a gane marmaro na ja da baya sai da ma'auni. A yi makewayi nesa da idon ruwa ta ɓangaren gangare, a ware wurin wanki dabam, a tsare wa mata sirrinsu, a yi rumfunan kwana da kayan da ƙasar ke da su. A sa ma'aikacin lafiya mai abin awon jini da na suga, wanda zai iya ce wa mutum kai kam kada ka shiga. A hana haƙa rijiya mai zurfi a kewayen. Jagoranci da girki da sayar da itace da kula da wurin su zama na mutanen ƙauyen, su ne kuma za su faɗi yawan wanda wuri zai ɗauka a rana. Wani zai ce ruwa na Allah ne, ba mai ikon taƙaita shi. Haka ne, ba a hana mai ƙishirwa sha, kuma Abzinawa ba su taɓa hana matafiyi rijiya ba. Amma a bakin kowace rijiyar makiyaya akwai layi da tsari, an san wanda zai fara shayarwa da wanda zai jira, kuma wannan tsarin ne ya sa rijiyar ta kai yau. Marmaron Wikki da ke Yankari a jihar Bauci, mai ɗumin digiri 31, yana zubo ruwa kamar ƙorama a ƙasa mai damina, yana iya ɗaukar taron masu ninƙaya. Wanda ya auna marmaron sahara da mudun Wikki zai yi kuskuren lissafi.

Saura hanya, wadda ita ma ba abin wasa ba ce. A Oktoban 2013 an tsinci gawarwakin mutum 92 a arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, yawancinsu mata da yara, bayan motocinsu sun lalace ƙishirwa ta gama da su. Tafadek ba ta kai can nisa ba, amma zafin ranar ɗaya ne, kuma mota ba ta shawara kafin ta mutu. Baƙo makaho ne ko da idonsa biyu. Mai niyyar zuwa ya nemi labarin tsaro daga hukuma da mutanen Agadas kafin ya tashi, ya ɗauki ɗan ƙasa da ya san hanya, ya faɗa wa wani ranar da zai dawo. Lokacin sanyi, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, ya fi sauƙi ga jiki. A damina kuwa kada ya yada zango a cikin kwari, ko da sama garau take, domin ruwan da ya sauka kan dutse can nesa yakan iso da dare ba sallama. Ya ɗauki ruwan shansa a jarka fiye da abin da yake zaton zai buƙata, domin wanka a ruwan zafi ƙara ƙishirwa yake yi.

Ya mai karatu, in Allah ya kai ka, ka yi sallama ga mutanen wurin kafin ka nufi ruwa, ka tambayi inda maza ke shiga da lokacin da ake shiga. Ka taɓa ruwan da hannu tukuna, ka shiga a hankali, ka fito kafin jiri ya zo. Ka bar mai ciwo ya riga ka. Kada ka ɗaga waya a kan wanda ya tuɓe don jinya, ka bar sabulunka a jaka, ka ci gaba da shan maganin da likita ya ba ka, ledarka da gwangwaninka kuma ka komo da su Agadas.